Tambaya ga masu Turanci: ina bambancin attention, concentration, focus da su commitment?

Hedimastan Ƙauye:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni shugaban wata makarantar firamare ne a wani ƙauye da ke yankin Ringim, jihar Jigawa. Bana shekarata 23 da alli a hannu, amma shekaranjiya yaron da aka haifa a gabana ya sa na ji kunya.

Ga yadda aka yi. Muna da wata malama da ta shekara 4 tana koyar da 'yan aji biyu ba albashin gwamnati, sai ɗan ihsanin da ƙungiyar iyaye da malamai ke haɗa mata, wani watan ma a ba ta haƙuri. Daga ƙauyen da ke gaba da mu take takowa a ƙafa. Da damina in kwari ya cika da ruwa sai ta zagayo ta bakin titi, tafiyar ta ninku, amma kafin a kaɗa ƙararrawa tana nan. Yanzu Allah ya kawo mata wata dama ta neman aiki, aka ce ta kawo takardar shaida daga shugaban makarantarta, kuma da Turanci. Bayan isha'i na zauna da fitilar waya na tsara abata. A ciki na rubuta: *She is very concentrated in her work and has full attention to the school.*

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Dutse ya zo hutu, na ba shi ya buga min a kwamfuta. Yana karantawa ya fashe da dariya, wai "Kawu, ai ka mayar da Malama tumatirin gwangwani." Ya ce in sa *dedicated*. Na ce to me ya hana *committed* ko *devoted*? Ya ce duk kanwar ja ce. Ni kuwa ban yarda ba. In da ɗaya ne, me zai sa Bature ya ajiye kalma shida a wuri guda? Na buɗe tsohon ƙamus ɗina, shi ma kusan duk inda na leƙa "mai da hankali" nake gani ko "himma".

Abin da ya ƙara damuna, shekara da shekaru ina cike katin sakamakon yara da *pay more attention* da *lacks concentration* da *needs focus*, duk wadda ta fara zuwa bakin biro ita nake sawa. Ashe wataƙila na sha faɗa wa iyaye abin da ba shi nake nufi ba.

Don Allah wanda ya sani ya warware min da Hausa, da misalin abin da muke gani a gida da gona, ba a bi Turanci da wani Turancin ba. Ranar Litinin za ta kai takardar.

Tsohon Malamin Turanci, Kura:

Wa alaikumus salam. Malam Hedimasta, ƙanena, kada ka ji kunyar komai. Na koyar da Turanci a sakandare har na yi ritaya, kuma wannan tuntuɓen na gan shi a takardun manyan da suka fi mu kujera. Ɗan ƙanwarka ya yi gaskiya a kan tumatir, amma ya yi kuskure da ya ce kanwar ja ce.

Fara raba su gida biyu. Attention da concentration da focus suna magana ne a kan inda hankalin mutum yake a wannan sa'ar. Commitment da dedication da devotion suna magana ne a kan inda mutum ya ɗaure rayuwarsa, wata da watanni. Kai shekara 4 na Malama kake son yabawa, sai ka ɗauko kalmomin gidan farko, waɗanda ba su wuce darasi guda ba. Nan matsalar take.

Attention asalinta Latin ce, daga kalmar da ke nufin miƙewa zuwa ga abu. Ka san yadda akuya ke miƙa wuya in ta ji ƙarar kwanon dusa? Shi ne. Hankali ya juyo wajenka, ko da son ransa ko ba da son ransa ba. Shi ya sa babur in ya wuce ta bayan aji yake kwashe attention ɗin yara hamsin a lokaci guda. Da Hausa "kasa kunne", "lura", "kula", "juyo nan". Abu ne da ake bayarwa, ake jawowa, ake rasawa. Yaron da kake bayani yana kallon taga, shi ne za ka rubuta wa *pay attention*.

Concentration kuwa tattarawa ce wuri guda, a tsakiya. Ka taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila? Ana zuba ruwan rake a tukunya, a yi ta ba shi wuta har ruwan banza ya ƙone, zaƙin ya haɗu ya yi kauri. To haka hankali yake yi in an ce concentration: a kore duk wani tunani, a tara ƙarfin wuri ɗaya. Akwai wahala a ciki, kuma ba a daɗewa ana yi. Alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka, in yana sa wasali da ja, ko an yi sallama ba ya ji. Wannan ita ce natsuwa, ita ce tattara hankali. Yaro yana iya ba ka attention sarai, idonsa a kanka, amma in ka ba shi lissafin rabawa mai tsawo ya yi layi biyu hankalinsa ya watse. Shi ne mai *lacks concentration*. Ka ga ba yaro ɗaya ba ne da mai kallon taga, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne: na farko a dawo da shi bencin gaba, na biyu a tambaya ko ya karya kumallo.

Zancen tumatir kuwa, ɗauki gwangwani ka duba, a jikin da yawa za ka ga an rubuta *double concentrated*. Siffar *concentrated* ta abin da aka ƙafe ruwansa ce. Mutum sai dai a ce *she concentrates on her work*.

Focus ita ce na fi so, domin a Latin ma'anarta murhu. Wallahi murhu, inda ake hura wuta a gida. Wani masanin taurari ɗan Jamus, Johannes Kepler, shi ya ɗauke ta a 1604 ya sa wa ɗigon da haske ke haɗuwa. Muna yara mukan saci tabaran kaka mu riƙe a rana har ɗigon hasken ya ƙona takarda, to wannan ɗigon shi ne focus. Saboda haka tambayar da focus ke yi ita ce: a kan me? Concentration tana auna ƙarfin tarawa, focus tana nuna abin da aka saita. Shi ya sa focus take iya fita daga aji ta shiga rayuwa. Saurayin da bana yana koyon ɗinki, baɗi yana acaba, baɗin waccan ya buɗe cajin waya, Hausawa mu ce ba shi da alƙibla, Bature ya ce *he lacks focus*. Yana iya zama mai natsuwa ƙwarai a kan keken ɗinkin, amma bai tsai da gaba ba.

Mu tsallaka gida na biyu.

Commitment daga kalmar damƙawa take. Ai kwamiti da muke faɗa kullum 'yar'uwarta ce: mutanen da aka damƙa wa wani al'amari. In ka yi commitment ka damƙa kanka, ka ɗaure kanka da alkawari, kuma alkawari kaya ne. Mafi kyawun misali adashi. Ranar da matarka ta shiga adashi ta san duk Juma'a sai ta zuba, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba, ko tana shiri da uwar adashi ko sun ɓata. Kalmar ba ta ce kana son abin ba. Ta ce ba za ka janye ba.

Dedication keɓewa ce. Asalinta a wajen ibada aka fi amfani da ita, a ware gini ko fili a ce wannan na Allah ne. Kusa da waƙafi ke nan a wurinmu: mutum ya haƙa rijiya ya ce ta jama'a ce, ta fita daga dukiyarsa. Wanda aka kira *dedicated* ya ware lokacinsa da ƙarfinsa ya ba wani aiki, fiye da abin da aka wajabta masa. Sadaukarwa ke nan. Shi ya sa marubuci ke yin dedication na littafinsa ga iyayensa.

Devotion tushenta bakance ne, alwashin da mutum ke yi tsakaninsa da Ubangijinsa. Daga tushen nan *vow* ta fito, har da *vote*, ƙuri'ar da muke jefawa, ko da yake yanzu an raba gari. A cikin ukun ita ce mai zuciya. Tsohuwar da ta shekara goma tana jinyar mijinta, tana juya shi tana ba shi kunu a baki, ba commitment za a ce ba, a ce *a devoted wife*. Akwai ƙauna a ciki, akwai ibada.

Dalilin wannan tarin kalmomi kuwa tarihi ne. Bayan mutanen Nomandi daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da ilimi, Turanci ya yi ta kwasa daga gare su yana ɗorawa a kan nasa. Kamar mu da Larabci: muna da "naci" da "dagewa" namu na gado, muka ƙaro "himma" da "niyya" da "ikhlasi". Wa zai ce naci da ikhlasi ɗaya ne?

Ga Malamarka, ni *dedicated* zan sa.

'Yar Jami'a daga Gwaram:

Baba Hedimasta ina wuni. Baba na Kura ya gama magana a kan ma'ana, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da zan ƙara shi ne abokan tafiyar kowace kalma, domin nan aka fi kayar da mu a WAEC da NECO da JAMB. Sai ka san ma'ana sarai, ƙaramar kalmar da ke biye ta kayar da kai.

A jimlarka ta farko akwai *in her work*. Concentrate da focus duk *on* suke ɗauka: *concentrate on*, *focus on*. Attention kuma *to* take ɗauka, kuma ba a cewa mutum *has attention to* abu. Biya ake yi kamar kuɗi, *pay attention to*, ko a ce *give attention to*. Ni har yau abin yana ba ni dariya, mu muna "mai da" hankali kamar wanda ya ɓata aka dawo da shi, su suna biyansa kamar bashi.

Sauran ukun duk *to* ne, amma ga tarkon: wannan *to* ɗin ba irin na *to go* ba ne. In aiki zai biyo baya sai ya ɗauki *-ing*. A ce *she is committed to teaching*, *dedicated to helping*, *devoted to caring*. Na taɓa rasa maki a kan wannan a jarrabawar gwaji ta aji shida, shi ya sa ba na mantawa.

Sannan Baba, a yi hattara da *commit* in tana tsaye ita kaɗai. *She is committed* yabo ne. Amma *she committed* in ka bar ta haka, mai karatu jira yake ya ji laifin da ta aikata, domin da ita ake cewa *commit a crime*, *commit an offence*. Harafi biyu ne tsakanin yabo da caji ofis. Haka *attend*: *attend the meeting* halarta ce, shi ya sa rajistar kiran suna take *attendance*, amma *attend to the patient* kula da shi ne. In kana son ka ce Malama tana lura da kowane yaro, wa bai zo ba, wa ke zazzaɓi, siffar ita ce *attentive*.

Wani abu kuma, a sashen da ake cewa a zaɓi kalma mafi kusa da ma'ana, sukan jera irin waɗannan a zaɓi huɗu. Dabarar da malamarmu ta koya mana ita ce kada ka kalli kalmar, kalli wanda ake magana a kansa. In uwa ce ko miji ko mai ibada, devoted. In ma'aikaci ne ko likita, dedicated. In gwamnati ce ko yarjejeniya, committed. Ba kullum take ci ba, amma ta fi canki-canka.

Malamin Gona, Auyo:

Yallaɓai Hedimasta, ni ba malamin Turanci ba ne, aikina yawo a fadama da manoman shinkafa. Amma ina da ja kaɗan da Baba na Kura, ya gafarce ni.

Bayanin ya yi daɗi, sai dai a ofis ba wanda ke auna dedicated da committed da ma'aunin zinare haka. Na ga takardun shaida da yawa, yawanci haɗa su ake yi a jimla ɗaya a wuce. Ɗan ƙanwarka bai yi nisa da gaskiya ba a kan waɗannan biyun. Inda bambancin yake fitowa da gaske shi ne in kalmar ta zama jam'i. Gayyaci wani babba taron manoma ya ce maka *I have other commitments*, ba sadaukarwa yake nufi ba, cewa yake yana da wasu uzurori, ba zai zo ba. Ba za ka taɓa jin an ce *other dedications* a wannan wurin ba. Commitment tana iya zama kaya a ka wanda kake neman saukewa. Manomin da ya karɓi taki bashi ya sa hannu zai biya da buhu bayan girbi, commitment ne a wuyansa, kuma ba ya jin daɗinsa ko kaɗan.

Concentrate kuwa mu kullum muna tare da ita. Duba robar maganin feshi, za ka ga EC a gaban sunan, C ɗin nan concentrate ce, wato mai kauri ne, sai an auna an sirka da ruwa. Masu kiwon kaji ma suna sayen concentrate su gauraya da masara. Don haka da na karanta jimlarka sai da na ajiye waya na yi dariya, a yi min afuwa.

Akwai kuma wadda ba ka tambaya ba amma tana cikin dangin. In shinkafa ta fara nuna, jan-baki suka sauko kwarin Haɗeja, akan sa yara tsaro da gwangwani da majajjawa tun asuba. Yaron da ya tattara hankalinsa a kusurwa ɗaya, tsuntsu zai cinye sauran ukun. Ba concentration ake so a wurinsa ba, ana so idonsa ya kasance ko'ina, ko motsi ya ji ya zabura. Wannan *alert* ne ko *vigilant*, dangin bijilanti da muke kiran 'yan sintiri. Malamar da ke riƙe da 'yan aji biyu su sittin, ina ganin rabin aikinta irin na mai tsaron tsuntsu ne.

Tsohon Malamin Turanci, Kura:

Malamin Gona, na karɓi gyara a kan ofis, haka ne, haɗa su ake yi. Kuma misalin jan-baki ya fi duk nawa. Amma ka lura kai da kanka ka kawo hujjata: manominka mai bashin taki committed ne, ba dedicated ba. Ma'aikacin da ke zuwa ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe huɗu don ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki, committed ne. Ita wannan baiwar Allah ba ta sa hannu a komai ba, ba a biyanta, ba wanda zai tuhume ta in ta zauna a gida ranar da kwari ya cika. Wanda zai karanta takardar ko bai auna ba, Hedimasta ya kamata ya auna, tunda shi ne shaida.

Hedimastan Ƙauye:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya na Kura, Allah ya ƙara girma. Zancen murhu har uwargida na ba wa, ta ce ashe ita ce mai focus a gidan nan.

Na sake zama jiya bayan la'asar a gindin darbejiyar makaranta. Ga yadda na mayar da wurin: *She is a dedicated teacher who has served this school for four years without a government salary. She is attentive to every child in her class, and she is committed to complete her studies.* Na bar *devoted* a waje. Matar aure ce, ni kuma namiji ne nake rubutawa, tunda kun ce kalmar mai zuciya ce gara in tsaya inda ba za a yi min wata fassara ba. Na kuma ƙara layi biyu a kan zagayen da take yi da damina, don na ga kamar wannan ya fi kowace siffa faɗin ko ita wace ce.

Katin sakamako kuwa, na ɗauko na zangon da ya wuce na duba. Akwai wani yaro ɗan aji huɗu da na rubuta wa *pay more attention* sau uku a jere, alhali yaron nan ko ƙiftawa ba ya yi in ana darasi. Aikin ne in an ba shi ba ya kaiwa ƙarshe. Na aika a kira min mahaifinsa gobe, in ji ko da me yake fitowa daga gida da safe.

'Yar Jami'a daga Gwaram:

Baba, takarda ta yi kyau sosai. Amma tarkon nan ya kama ka: *committed to completing*, ba *to complete* ba. A gyara kafin a buga hatimi.

Hedimastan Ƙauye:

Kash! 'Yata, har na sa hannu. Bari in tura yaro da babur ya tsayar da mai kwamfuta a Ringim kafin ya rufe shago.